TAIMAKON BINCIKE KYAUTA GA WANDA AKA DAMFARA

Binciken laifin damfara aiki ne na hukuma. Dokokin Nijeriya ba su ɗora wa wanda aka cuta nauyin biyan kuɗin wannan bincike ba. Duk mutumin da aka raba shi da dukiyarsa ta hanyar yaudara yana da ikon ya kai kuka, a saurare shi, a rubuta bayaninsa, a kuma bi sawun kuɗinsa, ba tare da ya ba da ko kwabo ba. Albashin jami'an da ke wannan aiki daga baitulmalin Gwamnati yake fita, watau jama'a sun riga sun biya ladan aikin tun kafin bukata ta taso.

Amma fa mutane da yawa ba su san haka ba. Waɗansu kunya ke hana su magana, don gudun kada a ce kwaɗayi ne ya ja musu. Waɗansu sun ɗauka cewa shiga ofishin hukuma sai mai kuɗi ko mai uwa a gindin murhu. Waɗansu kuwa, su ne suka fi ban tausayi, sukan faɗa hannun mutanen da ke cewa za su ƙwato musu dukiyarsu in sun biya wani abu, daga baya su tarar an ƙara musu wata cutar a kan ta farko. Domin irin waɗannan mutane aka shirya wannan darasi.

ABIN DA DOKA KE KIRA DAMFARA

Kafin mutum ya nufi ofishin kowace hukuma, ya kamata ya san ko abin da ya same shi laifi ne a idon doka, ko kuwa saɓani ne irin na ciniki. Damfara ita ce mutum ya faɗi abin da ya san ƙarya ne, ko ya nuna kansa a matsayin da ba nasa ba, da nufin wani ya amince ya miƙa masa kuɗi ko kaya. Mai sayar da filin da ba nasa ba, da mai karɓar kuɗi da sunan zai samo wa yaro aikin Gwamnati, da mai sayar da kujerar Hajji ta ƙarya, da mai bugo waya ya ce daga banki yake don a faɗa masa lambar sirri, duk jirgi ɗaya ne ya ɗebo su.

Sunan nan "419" da ya zama ruwan dare ya samo asali ne daga sashe na 419 na dokar laifuffuka da ake aiki da ita a jihohin Kudu. A jihohin Arewa, dokar Penal Code ita ma ta haramta cuta da cin amana. Amma babbar dokar Tarayya a kan wannan laifi ita ce ta shekarar 2006 mai hana karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce shekara 20 ba, babu zaɓin biyan tara. Sashe na 11 na dokar, wanda ya fi shafar mai kai kuka, ya wajabta wa kotu ta umarci wanda aka samu da laifi ya mayar wa mai dukiya abinsa. Laifuffukan da ake yi ta waya da kwamfuta suna da tasu dokar ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024.

To, amma bashi daban, damfara daban. Mutumin da ya karɓi rance da niyyar biya, sa'an nan kasuwa ta juya masa baya, ba ɗan damfara ba ne. Haka kuma ɗan kwangilar da ya fara aiki ya gaza kammalawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, kuma a 2018 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa karɓo bashi ba ya cikin aikin hukumar EFCC. Wanda ya kai irin wannan magana wurin masu bincike ɓata lokacinsa kawai zai yi. Wurinta kotu ne, kuma jihohi da dama sun buɗe kotunan ƙananan basussuka inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba lauya: Jihar Ikko ta fara a 2018, Kano ta biyo baya a 2019.

SA'O'IN FARKO

Da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. Babu inda wannan magana ta fi dacewa irin a sha'anin kuɗin da aka sace ta banki. Tun da aka fara aika kuɗi nan take tsakanin bankunan ƙasar nan a 2011, kuɗi kan tashi daga Sakkwato su sauka a Fatakwal kafin mutum ya aje wayarsa. Ɗan damfara ya san haka sarai. Da zarar kuɗin sun shiga asusun farko, sai ya rarraba su zuwa asusu uku ko huɗu, daga can a cire wani kashi wurin masu POS, a sayi katin waya ko kuɗin intanet da sauran. Kowane tsalle da kuɗin suka yi, wahalar kamo su ƙaruwa take yi. Wanda ya kwana yana shawara da zuciyarsa, ko ya tsaya jiran ranar Litinin, sau da yawa ya kan tarar bakin alƙalami ya bushe.

Saboda haka wuri na farko da za a sanar shi ne banki, tun kafin ofishin 'yan sanda. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya kafa sashe na musamman mai karɓar rahoton damfara. Lambar wayar banki tana rubuce a bayan katin cirar kuɗi, kuma ita ce za a kira. Kada a kira wata lamba da aka gani a Facebook ko wadda aka aiko ta saƙon waya, domin macuta kan buɗe shafuffuka da sunan bankuna suna dakon irin wannan rana. Yawancin bankuna kuma suna da gajeriyar lamba da mutum zai danna daga kowace waya ya rufe asusunsa. Kyautuwa ya yi kowane magidanci ya nemi ta bankinsa ya rubuta ta ya adana tun ana zaune lafiya.

Abu uku ake so mai kuka ya nema a banki. Na farko a rufe katinsa da duk wata hanyar fitar da kuɗi daga asusunsa. Na biyu bankinsa ya tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga don a riƙe abin da ya rage. Na uku a ba shi lambar shaidar cewa an karɓi kokensa. Wannan na ukun shi mutane suka fi mantawa, alhali kuwa in ba shi, babu abin da zai nuna gobe cewa an taɓa kai ƙara. Ko da an yi magana ta waya, lalle ne washegari a je reshen banki da takarda a rubuce, a sa ma'aikaci ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da mai kuka zai riƙe.

In wayar mutum aka sace, ko ya ga layinsa ya ɗauke haka nan babu dalili, to ya gaggauta zuwa ofishin kamfanin waya a rufe layin. Wanda ke riƙe da layin mutum tamkar yana riƙe da mabuɗin asusunsa ne. In kamfanin ya yi sakaci, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa tana da lambar kai ƙara, 622, wadda kiranta kyauta ne.

A lura cewa banki ba shi da ikon riƙe kuɗin wani har abada a kan maganar baki. Riƙon da zai yi na ɗan lokaci ne. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta ba hukumomin da abin ya shafa damar dakatar da asusun da ake zargi na tsawon sa'a 72, bayan haka sai da umarnin kotu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a tsayawa a banki kaɗai: ana fita daga can sai a wuce wurin masu bincike, domin su ne za su nemi kotu ta tsawaita riƙon.

TATTARA SHAIDA

Mai bincike ba ya aiki da rantsuwa ko hawaye, da shaida yake aiki. Abin baƙin ciki, mutane da yawa cikin zafin rai sukan goge saƙonnin macucin, su share lambarsa, waɗansu ma su yayyaga takardun da ya ba su don kada iyali su gani. Yin haka taimaka wa ɓarawo ne.

Duk abin da ya haɗa mai kuka da macuci a adana shi: lambar asusun da aka tura kuɗi da sunan da ya fito a kansa, rasit ko saƙon da banki ya aiko, lambobin wayar da aka yi magana da su, saƙonnin WhatsApp da na murya, takardar yarjejeniya, takardar fili, hoton shago ko ofis, da sunayen waɗanda suka halarci ciniki. A ɗauki hoton kowane saƙo a aika wa wata waya dabam, domin macuci na iya goge nasa gefen. A nemi banki ya buga takardar shige da ficen kuɗi ta kwanakin da abin ya faru. Sa'an nan mutum ya zauna tun abin bai dushe masa ba ya rubuta yadda aka yi daki-daki: ranar da aka fara magana, wanda ya haɗa su, abin da aka alkawarta, nawa aka biya, sau nawa. Takardu na asali su zauna a gida, kwafi ake miƙawa, sai fa in jami'i ya bukaci na asalin, shi ma ya ba da shaidar karɓa a rubuce.

Akwai wani abu da ya kamata a yi hattara da shi. Sunan da ya fito a kan asusun da kuɗi suka shiga ba lalle ne ya zama na uban tafiyar ba. 'Yan damfara sukan yi hayar asusun ɗalibai da 'yan ƙauye a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko su buɗe asusu da takardun wani, ya zama kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Don haka kada mai kuka ya ɗauki doka a hannunsa, ko ya baza hoton wani a intanet yana kiransa ɓarawo. Ya miƙa sunan ga masu bincike. Lambar BVN da aka fito da ita a 2014 ta ɗaure kowane asusu da yatsun mai shi, haɗa layukan waya da lambar ɗan ƙasa da aka wajabta tun Disamba 2020 kuma ya ƙara sauƙaƙa bin sawu. Hukuma ce kaɗai doka ta yarje wa ta nemi waɗannan bayanai.

INDA ZA A KAI KUKA

Ƙofar da ta fi kusa da kowa ita ce ofishin 'yan sanda na unguwa ko na ƙaramar hukuma. A can ana karɓar ƙara ko da baki ne, jami'i ya rubuta, a karanta wa mai ƙara da harshen da yake ji kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. In al'amarin ya fi ƙarfin ƙaramin ofis, ana iya rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha don a mayar da shi sashen binciken manyan laifuffuka. Rundunar tana da sashe na musamman mai binciken manyan zamba a Ikoyi, cikin Ikko, da kuma cibiyar yaƙi da laifuffukan intanet a Abuja wadda ke karɓar rahoto ta intanet daga ko'ina.

Hukumar Yaƙi da Yi wa Tattalin Arziki Ta'annati, watau EFCC, ta fara aiki a 2003. Hedkwatarta tana Jabi a Abuja, tana kuma da ofisoshin shiyya a Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe, Maiduguri, Makurɗi, Ilori, Ikko, Badun, Binin, Inugu, Fatakwal da Uyo. Ita ce ta fi dacewa da damfarar da ta ratsa jihohi, ko ta shafi mutane masu yawa, ko kuɗi masu kauri. A 2021 ta fito da manhajar waya mai suna Eagle Eye don aika rahoto. Ba kowane koke take riƙewa ba: takan tace, wanda ta ga ya fi dacewa da wata hukuma ta tura shi can. Wannan ba wulaƙanci ba ne, rabon aiki ne.

In wanda ya yi cutar ma'aikacin Gwamnati ne da ya fake da kujerarsa, misali ya karɓi kuɗi don sayar da gurbin aiki ko kwangila, to hukumar ICPC da aka kafa a 2000 ita ce mai wannan fage. Sai dai mai kuka ya faɗi gaskiya tsakaninsa da Allah, domin wanda ya ba da kuɗi don sayen aiki shi ma akwai tambayar da zai amsa.

Wani lokaci kuma da bankin kansa ake rigima: an kai rahoto da wuri ya yi biris, ko kuɗi sun fita ta hanyar da mai asusu bai sani ba, banki ya ƙi ba da bayani. Ƙa'ida ita ce a fara kai koke bankin a rubuce a ba shi mako 2. In bai warware ba, sai a rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka kafa a 2012, a haɗa da lambar shaidar nan da aka ambata a baya. Ana iya miƙa takardar a reshen Babban Banki da ke babban birnin jiha. Kamfanonin da ke tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Hannayen Jari, watau SEC, masu ba da rance ta waya da ke cin zarafin mutane kuwa ana kai ƙararsu hukumar kare masu sayayya, FCCPC. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke karɓar kuɗi kafin ta saurari koke.

Takardar koke ba ta bukatar lauya, ko da yake babu laifi a sa shi. Da Turanci aka fi so a rubuta ta, wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko wani amintacce. A sa cikakken suna da adireshi da lambar waya, a ambaci wanda ake zargi da duk abin da aka sani game da shi, a kawo labarin bi da bi da kwanan wata da adadin kuɗi, a lissafa takardun da aka haɗa, a sa hannu. Shafi ɗaya ko biyu sun isa. Kada a ƙara gishiri, kada a ninka adadin kuɗi don a ja hankali, kada kuma a sa sunan abokin gaba da ba shi da hannu, domin ba hukuma bayanin ƙarya shi ma laifi ne mai hukunci. Idan mutane da yawa ne macuci ɗaya ya cuta, haɗa kai a rubuta koke guda mai ɗauke da sunan kowa da abin da ya rasa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

CUTA TA BIYU

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wanda aka damfara sau ɗaya ya zama abin farauta, domin macuta sun san sunansa, sun san lambarsa, sun san adadin da ya rasa, sun kuma san hankalinsa a tashe yake. Bayan kwana kaɗan sai waya ta shigo, murya mai ladabi: "Ranka ya daɗe, Alhaji, daga ofishin bincike ne. Mun kama mutumin nan, kuɗinka suna hannunmu. Abin da ya rage kawai kuɗin buɗe fayil ne da na hatimin kotu." Ko kuwa: "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, mu ƙwararru ne a kan kwamfuta, cikin kwana uku za mu jawo miki kuɗinki, sai dai ki ba da kafin alƙalami." Da yake mai kiran ya faɗi adadin kuɗin daidai, sai a gaskata shi. Ba a tsaya an tambayi kai ba: wa ya fi sanin adadin kuɗin da aka sace in ba wanda ya sace su ba?

An ga wannan a fili a watan Afrilu na 2025, sa'ad da tsarin nan na CBEX ya rushe da kuɗin dubban 'yan Nijeriya. Bayan an hana mutane cire kuɗinsu, sai aka sanar da su cewa wanda ke son a buɗe masa asusunsa ya biya dala 100 ko 200 na "tantancewa". Watau wanda aka yi wa sata shi ake nema ya ƙara biya. Tun kafin wannan, a Disamba 2016, MMM ya rufe asusun mutane ana dab da bukukuwan ƙarshen shekara, kuma Hukumar Inshorar Ajiyar Banki ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 3 sun yi asarar kimanin Naira biliyan 18. Waɗansu daga cikinsu, don neman mayar da abin da suka rasa, sun sake zuba kuɗi a ire-irensa da suka ɓullo daga baya. Dokar zuba jari ta 2025 ta mai da shirya irin wannan tsari babban laifi mai ɗaurin shekara 10 ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ko duka biyu. A sani kuma cewa inshorar ajiya, wadda aka ɗaga zuwa Naira miliyan 5 ga manyan bankuna a 2024, ta shafi bankunan da ke da lasisi ne kawai. Takardar rajistar kamfani da macuta ke rataye wa a bango ba lasisin karɓar ajiya ba ce.

Wannan cuta ba a Nijeriya kaɗai take ba. A Amurka ma, a 2025, hukumar FBI ta gargaɗi jama'a a kan masu shiga rigar jami'anta suna yi wa waɗanda aka damfara alkawarin mayar musu da kuɗi.

Gane su ba shi da wuya ga wanda ya natsu. Jami'in gaskiya ba ya neman a tura kuɗi asusun wani mutum. Ba ya tambayar lambar sirri ta kati ko lambar da banki ke aikowa ta waya. Ba ya cewa a haɗu a otel ko tashar mota, gayyatar mutum yake yi zuwa ofis da takarda. Ba ya hana mutum shawara da iyalinsa ko lauyansa. Ba ya kuma rantsuwa cewa kuɗi za su dawo ranar kaza, domin wannan ba a hannunsa yake ba. Su kuwa masu cewa za su kutsa cikin asusun ɓarawo su jawo kuɗi, ko da a ce sun iya, abin da suke tallatawa laifi ne a ƙarƙashin dokar 2015, wanda ya ɗauke su aiki kuma ya sa kansa a ciki. Wanda aka kira shi da irin wannan magana ya kashe wayar, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin da aka ambata ya tambaya.

IN JAMI'I YA NEMI WANI ABU

Ba a ɓoye ba ne cewa akan sami baragurbi a cikin ma'aikata, masu cewa a kawo kuɗin mai, ko kuɗin takarda, ko kuɗin "motsa fayil". Babu dokar da ta san da waɗannan. Abin da ke kan mai kuka shi ne kuɗin motarsa, da na buga kwafin takardunsa, da ɗan abin da kotu ke karɓa in an bukaci takardar rantsuwa. Waɗansu takardu da 'yan sanda ke bayarwa, kamar shaidar ɓacewar kaya, suna da kuɗin da aka ƙayyade, amma asusun Gwamnati ake biya, a kuma ba da rasit. Duk kuɗin da aka ce a miƙa hannu da hannu babu rasit, cin hanci ne.

Wanda ya gamu da haka ya riƙe sunan jami'in da ofishinsa da ranar da abin ya faru, ya nemi ganin shugaban ofis. In bai sami biyan bukata ba, rundunar 'yan sanda tana da sashen karɓar ƙorafin jama'a a kan jami'anta tun 2015. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, mai ofis a kowace jiha, aikinta shi ne bin kadin wanda wata ma'aikata ta yi wa rashin adalci ko jan ƙafa, kuma kyauta take yi.

BAYAN AN KAI KUKA

Za a gayyaci mai kuka ya tabbatar da kokensa ya kuma ba da bayani a rubuce. Ya nemi sunan jami'in da aka ɗora wa binciken da lambar fayil, ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci cikin ladabi. Masu bincike za su rubuta wa bankuna da kamfanonin waya, amsa kuwa takan ɗauki makonni. In sun sami hujja, lauyoyin Gwamnati ne ke gabatar da ƙara a kotu, mai kuka shaida ne kawai, ba ya biyan su.

Shin kuɗin kan dawo? Wani lokaci sukan dawo duka, wani lokaci rabi, wani lokaci kuwa ko anini. Abin ya danganta ne ga saurin kai rahoto da kuma ko macucin yana da kadarar da za a kama. Amma yana faruwa. Tsakanin 1995 da 1998 waɗansu 'yan Nijeriya sun yaudari wani babban ma'aikacin bankin Banco Noroeste na ƙasar Barazil da kwangilar gina filin jirgin sama na ƙarya a Abuja, suka karɓi dala miliyan 242. A 2005 kotu a Ikko ta same su da laifi bisa ƙarar da EFCC ta shigar, ta ɗaure su, ta kuma ƙwace kadarorinsu don biyan waɗanda aka cuta. Dokar da ta yi wa bankin waje aiki ita ce dai ke nan domin mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau.

Abin da ya fi kashe shari'ar damfara shi ne ɓacewar mai kuka. Da zarar an kama macuci, sai danginsa su zo da dattawa a ba da haƙuri, a biya wani kaso, a yi alkawarin sauran, mai kuka ya daina zuwa kotu. Babu shaida, sai alƙali ya sallami wanda ake tuhuma, sauran kuɗin kuma su bi ruwa. Sulhu alheri ne, amma a yi shi da sanin jami'in bincike, a rubuce, in an riga an shiga kotu kuwa a gaban alƙali, don abin da aka yi alkawari ya zama umarnin da za a iya tilastawa.

Wanda ke son ya shigar da ƙara ta kansa don neman diyya, ba shi kuwa da halin ɗaukar lauya, ya nufi Hukumar Ba da Taimakon Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi, musamman wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙanƙantar albashi ba, watau Naira 70,000 a wata bisa dokar 2024. Tana da ofis a manyan biranen jihohi, kuma mai zuwa can ya tafi da kwafin kokensa, da lambar fayil, da takardar banki mai hatimi.